Jitar Yaro Sai Daidai Hannunsa

Ƙannena maza da mata, da ku nake, ku da kuka fara riƙe ɗan abin hannunku har wani ƙani ko ɗa ko ɗan 'yar'uwa ya tasa ku gaba da roƙon a saya masa jita. Irin wannan roƙo ya yawaita a 'yan shekarun nan. Yaro ya ga makaɗan Agadas a waya, ko ya ga mai kaɗa jita a coci a Jos ko Kaduna, ko makarantarsu ta ɗauko malamin kiɗa, sai ya dawo gida ya hana kowa sakat. Ko ya dace a saya masa ko bai dace ba, wannan hukuncin iyayensa ne. Akwai gidajen da ba a shiga da kayan kiɗa, kuma wanda gidansu haka yake kada ya yi wa magabata shigar sauri da sunan kyauta. Maganata da wanda aka riga aka amince masa ce, ya sa kuɗi a aljihu zai nufi shago.

Mun saba idan za a ɗinka wa yaro kayan makaranta sai a ce wa tela ya ƙara tsawo, ai yaro girma yake yi. A wajen wando dabara ce mai kyau: bana a naɗe ƙafa, baɗi a warware. To ita jita ba a naɗe ta. Amma da wannan tunanin mafi yawan mutane ke shiga shago, su ɗauko ta manya su miƙa wa ɗan shekara 7, wai ya girma ya tarar da ita. Abin da ke biyo baya sananne ne. Mako biyu yana ɗoki, mako na uku ya ce yatsunsa na ciwo, kafin wata ya cika jitar ta koma saman durowa tana shan ƙura, mutanen gida kuma su yanke hukunci cewa dama yaron ba ya da naci. Alhali ba a ba shi abin da zai yi nacin a kansa ba.

Ku dubi yadda ake riƙe ta, za ku gane. Mai kaɗa jita yana zaune, cikinta na kan cinyarsa, hannunsa na dama ya ratso ta saman cikin ya sauko kan tsirkiyoyi, na hagu kuma ya miƙa can wajen wuya yana danna su. Idan cikin ya fi ƙarfin yaro, sai ya ɗaga kafaɗar dama har kusa da kunne kafin hannunsa ya tsallake, ba ya minti 10 kafaɗar ta gaji. Idan wuyan ya yi masa tsawo, sai ya miƙe hannun hagu sambal, gwiwar hannu ba lanƙwasa, ya karya wuyan hannu don yatsu su kai. Wanda ya miƙe hannu haka ba shi da sauran ƙarfin danna komai. Zai danna, sautin ya fito a shaƙe, ya ƙara matsawa, ya ji zafi, sautin kuma bai gyaru ba. Mafi muni shi ne jikinsa yana haddace wannan karkataccen riƙo, ranar da ya girma ya samu wadda ta yi masa daidai sai malami ya yi wata da watanni yana warware abin da aka ɗaura tun farko. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma idan aka tanƙwara shi ba daidai ba haka zai bushe.

A shago za ku ji ana cewa wannan cikakkiya ce, wannan uku bisa huɗu, wannan rabi, wannan kwata, a jikin kwalin kuma a rubuta 4/4, 3/4, 1/2, 1/4. Kada lissafin makaranta ya ruɗe ku. Jitar da ake kira rabi ba rabin babbar ba ce a tsawo. Cikakkiya daga kai zuwa gindi tana kai wa kimanin mita 1, uku bisa huɗu kimanin santimita 92, rabi kimanin 86, kwata kuma ƙasa da 80 kaɗan. Sunaye ne kawai na mataki, kuma kowane kamfani da yadda yake yanka nasa, har ta yiwu rabin wani kamfani ta kusa kamo uku bisa huɗun wani.

Don haka awon da za ku riƙe shi ne tsawon tsirkiya, wato daga ɗan farin ƙashin nan da ke can ƙarshen wuya, inda tsirkiyoyi ke hawa kafin su shiga kunnuwan saiti, zuwa wanda ke kan cikin jitar, abin da makaɗan garaya ke kira jaki. Wannan tazara ita ce ke yanke nisan da ke tsakanin siraran ƙarafan da aka gicciya a kan wuyan, waɗanda yatsu ke sauka a bayansu. A cikakkiyar jita mai tsirkiyar nailan tazarar santimita 65 ce. Wani maƙerin jita ɗan ƙasar Sifen, Antonio de Torres, wanda ya rayu daga 1817 zuwa 1892, shi ne aikinsa ya zaunar da siffar wannan jita da girmanta, kuma don hannun babban mutum ya yi ta. A uku bisa huɗu tazarar tana sauka zuwa wajen 58, a rabi wajen 53, a kwata wajen 48 ko ƙasa da haka. Kamfanin Yamaha na Jafan yana da jerin da ya yi don 'yan makaranta: CGS102 ita ce rabi, tsirkiyarta santimita 53 da rabi, CGS103 kuma uku bisa huɗu, santimita 58. Ban ambace su don talla ba, sai don ku samu ma'aunin da za ku gwada sauran a kai.

Wani zai ce santimita 12 tsakanin babba da rabi, har wani abu ne? Ku auna a yatsu. Abu na farko da ake koya wa mai farawa shi ne ya jera yatsu huɗu a gaɓoɓi huɗu na farko, kowane yatsa da gaɓarsa, wato sararin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe. A jitar santimita 65, daga ƙarfe na 1 zuwa na 4 kusan santimita 10 ne. A ta 53, santimita 8 ne. Ku ɗauko tef ɗin tela, ku ce wa ɗan shekara 6 ya ware manuniya da ƙaramin yatsa iya iyawarsa, ku ga inda ya tsaya. Sannan ku tuna ba warewa kawai zai yi ba, sai ya lanƙwasa yatsun, ya danna, ya riƙe. Waɗannan santimita 2 su ne tsakanin yaron da sauti ya fito masa a darasin farko da wanda zai yi wata yana kokawa. Faɗin wuyan ma haka ne: a cikakkiyar jitar nailan milimita 52 ne a can sama, ƙananan kuwa ana rage musu don babban yatsa ya zauna a baya, sauran su kai ga tsirkiyar da ta fi nisa.

Idan mai shago bai san tsawon tsirkiyar ba, kuma sau da yawa bai sani ba, ku auna da kanku. Ku ƙirga ƙarafan tun daga sama har na 12, ku auna daga farin ƙashin zuwa nan, ku ninka biyu. Ƙarfe na 12 kullum a tsakiyar tsirkiya yake zama, a kowace irin jita.

Masu sayarwa suna da jadawalin shekaru: kwata ga ɗan shekara 4 zuwa 6, rabi ga 6 zuwa 8, uku bisa huɗu ga 8 zuwa 11, cikakkiya daga 12. Ku ɗauke shi a matsayin mafari, kada ku ɗauke shi hukunci, domin a aji ɗaya za ka ga sa'anni biyu, ɗaya ya ba ɗaya rata da kai guda. Tsayi ya fi shekaru faɗin gaskiya. Yaron da bai wuce santimita 115 ba, kwata. Daga nan zuwa 135, rabi. Zuwa 150, uku bisa huɗu. Wanda ya haura haka zai iya da babba. Shi ma tsayin ba ya gaya muku tsawon hannu da na yatsu. Gani ya kori ji: ku tafi da yaron shagon. Na san daɗin ɓoye kyauta a fito da ita ba zato, amma a wannan karon ku haƙura da shi. Ku zaunar da shi a kujerar da ƙafafunsa ke taɓa ƙasa, ku ɗora masa jitar a cinya. Ku duba kafaɗunsa biyu, su kasance a jere, ba wadda ta ɗaga. Ku ce ya kai hannun hagu gaɓar farko, ku duba gwiwar hannun ta rage da lanƙwasa. Ku duba ko yana ganin yatsunsa ba tare da ya kwantar da jitar ko ya leƙo da wuya ba. Idan ya faɗa tsakanin girma biyu, ku ɗauki ƙaramar. Babba ma yana kaɗa ƙaramar jita lafiya lau, yaro ne ba ya iya kaɗa wadda ta fi shi.

A nan ne rigima kan taso, ba daga iyaye ba, daga yaron kansa. Ɗan shekara 10 ba ya son a ce abin yara aka saya masa, babbar da ya gani a bidiyo yake so. Ku gaya masa Ed Sheeran, mawaƙin Ingila da ke cika filayen ƙwallo shi kaɗai, da ƙaramar jita ya yi suna, wadda ake kira Little Martin, tsirkiyarta inci 23, wato kimanin santimita 58, daidai da uku bisa huɗun da yake rainawa. Kamfanin Taylor ma yana da irinta, Baby Taylor, kuma manya ma na sayenta don tafiye-tafiye.

Akwai wata jita da nake so ku gane ta da ido don ku kauce mata, domin ita ce ta cika shaguna: mai faɗin ciki, mai kafaɗu a miƙe, mai tsirkiyar ƙarfe. Kamfanin Martin na Amurka ne ya fara yin irinta a 1916, aka raɗa mata sunan wani ƙaton jirgin ruwan yaƙi na Ingila, Dreadnought, saboda girmanta. Faɗin cikinta kusan santimita 40, kaurinsa ya haura 12. Tana da amo, tana da kwarjini, shi ya sa mai shago zai fara miƙo muku ita. Manya masu ƙaramin jiki ma tana ba su wahala, balle yaron firamare.

Maganar tsirkiya tana tafiya tare da maganar girma, don ita ce ke taɓa fatar yaro. Tsirkiyoyin ƙarfe shida idan aka ɗaure su suka kai saiti, jan da suke yi ya kai wajen kilo 70. Na nailan wajen kilo 40. Ga na ƙarfen sirara ne, suna nutsewa a cikin tsokar yatsa. Duk mai koyo sai ya ji zafi kafin kanta ta fito masa a kan yatsu, babu makawa, amma zafin nailan mai jurewa ne. Ni dai shawarata, duk yaron da bai kai shekara 10 ba a fara masa da nailan. Idan kun ga uku daga cikin shidan suna ƙyalli kamar ƙarfe kada ku ce an cuce ku, zaren nailan ne a ciki aka naɗe shi da siririyar waya don sautin ya yi kauri. Abin da ba a yi shi ne a cire nailan a ɗaura na ƙarfe a jitar da aka yi don nailan, wai don ta ƙara ƙara. Ba a gina ta don wannan jan ba. Wuyan zai lanƙwashe, ko jakin ya ɓalle daga jikin katako. Jitar lantarki kuwa tsirkiyoyinta suna da laushin dannawa, kuma akwai ƙananan da aka yi don yara, irin Squier Mini, sai dai tana da nauyi a cinya, tana buƙatar na'urar ƙara sauti, na'urar kuma tana buƙatar wuta. Kowa ya san halin wuta a unguwarsu.

Girma zai iya yin daidai jitar kuma ta ƙi kaɗuwa, idan tsirkiyoyin sun yi nisa da wuya. Ku duba daga gefe a wajen ƙarfe na 12. A jitar nailan tazarar kada ta wuce milimita 3 zuwa 4, a ta ƙarfe milimita 2 zuwa 2 da rabi. Idan har ƙaramin yatsanku na neman shigewa a tsakani, ku ajiye ta komai kyan fentinta. Sannan ku sauke manhajar saita jita a waya, kyauta ake samunta. Ku saita tsirkiya ɗaya, ku kaɗa ta a sake, ku danna ta a gaɓa ta 12 ku sake kaɗawa. Harafin da wayar ta nuna da farko shi ya kamata ta nuna a karo na biyu. Idan ya kauce sosai, an dasa ƙarafan ko jakin ba a wurinsu ba, kuma babu saitin da zai gyara wannan. Ku murɗa kunnuwan ku ji suna riƙewa, ku shafa gefen wuyan ku ji ko bakin ƙarafan na yanka.

Da wannan gwaji za ku rabe ƙaramar jita ta gaske da jitar wasa. Waɗannan masu launi-launi da ake rataye wa a shagunan kayan wasan yara, tare da motoci da 'yar tsana, ba a yi su don kiɗa ba. Ba sa riƙe saiti ko na minti 5, yaro ya danna daidai ya ji ba daidai ba, kunnensa ya tashi bai san sauti mai kyau ba. Araha ba ta ado. Gara 'yar gwanjo mai suna wadda ta ci gwajin nan da sabuwa dal a leda wadda ta faɗi.

Na san abin da wani zai kawo: ai Mdou Moctar, makaɗin Abzinawan nan na jihar Tawa a Nijar, da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, ga shi yau yana zaga duniya, har faifansa na farko a Sakkwato ya naɗe shi a 2008. Gaskiya ne. Amma labarin wanda ya tsallake ake bayarwa, ba a ƙirga waɗanda suka gwada suka bari. Shi bai samu mai saya masa ba ne. Naku yaron ya samu, ku ne. Tunda an ambace shi, Mdou bahago ne. Idan yaronku bahago ne, ku miƙa masa jitar ku ga ta wane ɓangare ya rungume ta da kansa. Bahagwai da yawa suna koyo a jitar dama ba matsala, kuma hakan ya fi sauƙi wajen samun kaya da malami. Wanda hannunsa ya ƙi fa, kada a tilasta masa. A jitar nailan mai gyara zai iya juya tsirkiyoyin ya daidaita ƙasusuwan biyu, aiki ne ƙarami.

Wani kuma akwai babbar jita a gida, ta yaya ko ta kawu, kuɗin sabuwa kuma babu. Akwai ɗan maƙalli da ake kira kafo, wanda ke danne tsirkiyoyi shida gaba ɗaya a gaɓar da aka sa shi. Idan aka maƙala shi a gaɓa ta 2 ta jitar santimita 65, tsirkiyar da ta rage santimita 58 ce, daidai da ta uku bisa huɗu. A sassauta tsirkiyoyin tukuna, a sa kafon, sannan a saita su da waya yadda aka saba, sai su ƙara laushi. Wannan ya magance nisan wuya, bai rage girman ciki ba, don haka yana taimakon ɗan shekara 10 ko 11, ba ya taimakon ɗan shekara 6. Shi kuwa ɗan shekara 3 ko 4 da ke kuka sai an ba shi irin ta yayansa, a nema masa ukulele, 'yar ƙaramar nan ta tsibirin Hawai mai tsirkiya huɗu na nailan. Abin da ya koya a kanta ba zai tashi a banza ba ranar da ya koma jita.

In an saya, saura kiyayewa, domin yanayinmu ba ya raga wa katako. Masu ƙera jita suna so danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100. Da hunturu a Kano ko Sakkwato ko Damagaram yakan faɗo ƙasa da kashi 20. Katakon sai ya tsuke, bakin ƙarafan ya fito yana yankar hannu, fuskar jitar ta tsage. A ajiye ta a jakarta, a sa ɗan soso mai laima a cikin kwanon sabulu mai huji a ciki, kada ya taɓa katakon. Kada a bar ta a mota da rana, gam ɗin da ya riƙe jakin narkewa yake. A nan jitar koyo mai rahusa ta yi sa'a, don yawanci da katako mai hawa-hawa ake yin ta, ya fi na tsada jure bushewa.

Saura ƙorafin kuɗi, wanda shi ne tushen maganar tun farko: in na sayi rabi bana, bayan shekara 2 ko 3 sai na sake sayen wata? E, sai kun sake. Za ku gane lokacin ya yi idan yatsunsa suka fara cunkushewa a gaɓa ɗaya, gwiwar hannun hagu ta manne da haƙarƙari, shi kuma ya rinƙa duƙawa a kan jitar. Amma gidajenmu ba sa rasa na baya, ƙanwa ko ɗan maƙwabci na jiran gado, kuma ƙaramar jita mai suna ba ta kwantai idan aka kai ta kasuwa. Wadda ake asararta ita ce babbar da aka saya sau ɗaya ba a kaɗa ba.

Kafin ku fita, ku auna tsayin yaron a jikin bango, ku sa tef a aljihu, ku sauke manhajar a waya. Idan akwai malamin da zai koya masa ko wani makaɗi a unguwa, ku roƙe shi ya raka ku, ko da za ku biya masa kuɗin mota. A shagon kuma ku bar yaron ya zauna da ita minti 10 kafin ku taya, don Allah kada ku bari mai shago ya hanzarta ku.